TARIHI: Sharl de Fuko, baƙon Tamanrasat da nonon awakin talakawa ya ceci ransa

Sunan Tamanrasat ba baƙo ba ne a kunnen mutanen ƙasarmu Nijar. Da wuya a sami gari a jahar Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa wanda ba shi da ɗa ko ɗiya da suka taɓa bin hanyar Agadas da Arlit da Asamaka, suka shiga Aljeriya, suka isa wannan birni wajen biɗa. To amma a shekara ta 1905 Tamanrasat ba birni ba ne, ɗan ƙauye ne mai gidaje kamar 20 na manoman lambu, a gefen wani ƙorama da ba ya ganin ruwa sai in an yi sa'a. A cikin wannan ƙauye ne wani Bafaranshe ɗan mishan, Charles de Foucauld, wanda ake faɗa Sharl de Fuko, ya zauna shekara 11 har ranar da aka kashe shi. Ya tafi ne da burin kai wa Abzinawa addinin Kirista, ya mutu bai mai da ko mutum ɗaya daga cikinsu Kirista ba, amma har yanzu ana maganarsa. Tarihinsa ne za mu kawo muku yau.

Ɗan gata ya zama ɗan sharholiya

An haifi Fuko ranar 15 ga watan Satumba na shekara ta 1858 a birnin Strasbourg, cikin wani gida na masu asali da dukiya. Bai cika shekara 6 ba uwa da uba suka rasu cikin shekara guda, 1864, aka bar shi da ƙanwarsa a hannun kakansu na wajen uwa, wani tsohon kanar na soja. Tsohon ya riƙe su da tausayi ƙwarai, har tausayin ya yi yawa. Yaron ya tashi da kaifin kai da son karatu, amma ba mai tsawata masa, kuma tun yana ɗan shekara 16 ya bar addini, ya ce shi bai yarda da kome ba.

A shekara ta 1876 ya shiga babbar makarantar soja ta Saint-Cyr, daga nan ya wuce makarantar sojan doki ta Saumur. Kakansa ya rasu a 1878 ya bar masa gado mai yawa, shi kuwa ya shiga cin kuɗin ba ji ba gani, daga walima sai walima, har ya yi ƙiba aka riƙa yi masa ba'a. Da aka yi jarrabawar fita, cikin ɗalibai 87 shi ne ya zo na 87. Aka tura rundunarsu Aljeriya, can ma aka dakatar da shi daga aiki a 1881 saboda wata mace da yake zaune da ita ba aure, ya kuma ƙi bin umurnin manyansa a kanta. Da ya ji labari abokansa sun shiga yaƙi a kudancin Oran sai ya nemi a mai da shi, aka mai da shi, ya yi watanni yana faɗa cikin hamada. A nan ne ya san wani hafsa mai suna Laperrine, wanda zai sake ɓullowa cikin rayuwarsa daga baya. A 1882 ya ajiye kakin soja da kansa.

A wancan zamani ƙasar Maroko a rufe take ga Turawa. Fuko ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki wani Bayahude mai suna Mardoshe ya yi masa jagora, suka ratsa ƙasar daga watan Yuni na 1883 zuwa watan Mayu na 1884, tafiyar kusan kilomita 3000, yana ɓoye ɗan littafi a tafin hannu yana rubuta hanyoyi da duwatsu da koguna. Wannan aiki ya sa ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai daga tafiyar shi ne ganin Musulmi suna tsai da kome su yi salla, a gida ko a daji, mai kuɗi da talaka. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa wannan ne ya fara tayar masa da tunanin Allah. A ƙarshen watan Oktoba na 1886, a wata majami'a ta Paris, a hannun wani limamin Katolika mai suna Huvelin, ya koma addinin iyayensa.

Mutum ne da bai san tsaka-tsaki ba. Yadda ya zurfafa cikin sharholiya haka ya zurfafa cikin gudun duniya. Ya rabu da dukiyarsa, ya shiga wata ɗarikar masu kaɗaita don ibada a 1890, ya yi shekaru a wani gidansu na talauci a ƙasar Siriya, duk da haka ya ga talaucin bai ishe shi ba. Daga 1897 zuwa 1900 ya zauna a Nazarat, garin da Annabi Isa ya girma, yana aikin bara a gidan wasu mata masu ibada, yana kwana a wata ƴar rumfar katako. Ranar 9 ga watan Yuni na 1901 aka naɗa shi limami, yana da shekara 42, nan take ya roƙi a bar shi ya tafi Sahara.

Zangon farko: Beni Abbas

Ya sauka Beni Abbas, wani dausayi mai dabino kusa da iyakar Maroko, a watan Oktoba na 1901. Sojoji suka taimake shi ya gina ɗan ɗakin ibada da ɗakunan baƙi na ƙasa. Ya tsara wa kansa lokacin addu'a da na shiru, har ya jera duwatsu ya ce nan ne iyakarsa. To amma ƙauye ba ya barin mutum ya yi shiru. Tun da asuba mutane ke tsaye ƙofarsa: matafiya, da marasa lafiya, da tsofaffin da ba su da kowa, da bayi, wata rana har su kai 100. Abin da ke hannunsa kuwa sha'ir ne da dabino da ɗan magani.

Abin da ya fi ɓata masa rai a wannan wuri shi ne bauta. Faransa tana cewa ta hana ta, amma hafsoshinta na hamada sun kau da kai don kada su ɓata da masu bayin. Fuko ya rubuta wa shugabansa na addini wasiƙu masu zafi a kan haka, aka ce masa ya bi a hankali. Da ɗan kuɗin da danginsa ke aiko masa ya fanshi bayi kaɗan, cikinsu har da wani saurayi, Paul Embarek, wanda ya zauna tare da shi. Duk zamansa a Sahara waɗanda aka san ya shigar addininsa ba su wuce wani ƙaramin yaro da ya fansa da wata tsohuwa makauniya ba, su ma a nan Beni Abbas ne. Ya gina ɗakuna yana jiran ƴan'uwa su zo daga Faransa su zauna tare da shi, ba wanda ya zo.

A wannan lokaci Laperrine ya zama kwamandan yankin hamada. Sojojin Faransa sun ci Abzinawan Ahaggar da yaƙi a Tit a shekara ta 1902, kuma shugabansu, amanokal Musa ag Amastan, ya yi sulhu da Turawa a 1904. Laperrine ya gayyaci tsohon abokinsa ya bi ayarin soja zuwa kudu, don yana ganin mutum mai raba magani da fara'a zai kwantar wa mutane da hankali. Fuko ya bi, yawanci a ƙasa yake tafiya yana jan raƙumi, yana koyon harshen Tamahak, ɗan'uwan Tamajak da ake yi a Abzin da Azawak. Da izinin Musa ag Amastan ya zauna Tamanrasat a watan Agusta na 1905.

Zaman ƙauye

Ɗakin da ya gina na dutse da ƙasa ne, tsawonsa kamar mita 6, faɗinsa bai kai mita 2 ba. A ciki yake ibada, a ciki yake rubutu, a ciki yake kwana, a ciki yake ajiye hatsi. Ƙauyen yana bisa tudu mai tsayin mita 1400, da rana zafi, da dare sanyi mai shiga ƙashi. Barikin Faransa mafi kusa a lokacin yana In Salah, kusan kilomita 700, wasiƙa kuwa sai ta yi makonni a bayan raƙumi kafin ta iso. Maƙwabtansa na kullum su ne manoman lambu da ake kira haratin, masu noma alkama da sha'ir a gonakin da ba nasu ba. Abzinawa masu raƙuma kuwa sai su zo su wuce, gwargwadon inda kiwo ya kai su.

Da fari an yi ɗari-ɗari da shi, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da tare da masu bindiga ya zo. Ana karɓar allura da magani da ƙyalle a hannunsa, a yi godiya a tafi. Suna kiransa marabu, wato malam, saboda farar rigarsa mai hoton jar zuciya da gicciye a ƙirji, da yawan addu'arsa da azumi. Amma maganar addini in ya ɗauko ta ba ta zuwa ko'ina, domin mutanen Musulmi ne, Musa ag Amastan kansa mai riƙo da addini ne ƙwarai.

Akwai kuma wata wahalar da ta shafi ibadarsa. A dokar Katolika ta wancan zamani limami ba ya yin babbar addu'arsu shi kaɗai, sai da wani a bayansa. Paul Embarek ne ke tsaya masa, da ya tafi a 1906 sai Fuko ya rasa. Wani matashi ɗan mishan da ya yarda ya biyo shi a ƙarshen wannan shekara bai ko iso Tamanrasat ba, ciwo da tsananin rayuwar suka mai da shi daga hanya. Abokinsa Motylinski, masanin harsuna da ya zo ya taya shi aiki na ƴan watanni, ya koma arewa ya rasu a 1907. Kirsimetin 1907 ya same shi shi kaɗai, ba addu'a, ba wasiƙa, ba baƙo.

Shekarar fari

A nan ne labarin ya juya. Ruwan sama ya ɗauke a ƙasar Ahaggar har wata 17. Masu karatu na karkara sun san abin da wannan ke nufi ba sai an faɗa musu ba: ciyawa ta ƙare, awaki sun ƙafe, masu raƙuma sun yi nisa neman kiwo, an bar mata da yara da tsofaffi da yunwa. Fuko ya buɗe ɗan rumbunsa ya yi ta rabo har ya ƙare, shi kuwa yana aikin rubutu dare da rana da ciki wofi. A farkon watan Janairu na 1908 ya faɗi. Numfashi ya gagare shi, ko motsi ya yi sai ya suma, irin ciwon nan da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa. Ya sallama cewa mutuwa ce ta zo, yana da shekara 49, ba almajiri, ba magaji, aikinsa na harshe ko rabi bai kai ba.

Sai mutanen ƙauyen suka tashi. Suka bi duk awakin da ke da sauran ɗigon nono a kewayen kilomita 4, suka tatso, suka riƙa kawo masa kullum, alhali ƴaƴansu na bukatarsa. Da wannan nono ya rayu har abincin da Laperrine ya aiko bisa raƙuma ya iso. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma abin da ya faru a nan ya wuce ramuwar alheri. Tun zuwansa shi ne mai bayarwa, su ne masu miƙa hannu, kuma tsakanin mai bayarwa da mai karɓa akwai tazara ko da ana dariya. Ranar da ya kwanta ya zama shi ne mabukaci, ranar ce ya zama maƙwabci. Wani lokaci kuma da maciji ya sare shi, su ne dai suka yi masa magani irin nasu, suka ƙona wurin da jan ƙarfe.

Masu nazarin rayuwarsa sun lura cewa daga wannan ciwo halinsa ya sauya. Ya rage ƙirga mutum nawa zai juyar, ya ƙara zama ana hira. Ya riƙa yi wa mutane nasiha da abin da ke cikin addininsu: tsoron Allah, gaskiya, tausayin bawa da maraya. Ya koya wa mata saƙa da ƙwarashi, yana sasanta rigingimu, yana rubuta wa Musa ag Amastan shawarwari a kan adalci. A ƙarshen watan Janairun nan ne ma labari ya iso masa cewa Paparoma ya yarje masa yin addu'arsa shi kaɗai. A 1911 ya hau dutsen Asakrem, mai tsayin fiye da mita 2700, inda ya gina ɗaki don ya kusanci makiyaya, amma sanyi da iska da ƙarancin abinci suka sauko da shi bayan wata 5. Sau uku ya je Faransa, a 1909 da 1911 da 1913, yana neman masu zuwa su zauna cikin Abzinawa a matsayin manoma ko ƴan kasuwa ko masu jinya. Kowane zuwa haka ya dawo ba kowa.

Aikin harshe

Da fari ya ɗauki koyon Tamahak a matsayin share hanya ga ƴan mishan da za su zo bayansa, har ya yi gaggawar fassara Linjila tun 1904, daga baya ya gane fassarar ba ta yi kyau ba. Da ya shiga harshen sosai sai ya ga teku ne. Ya riƙa biyan mutane su zauna su faɗa masa kalmomi, musamman Ba Hammu, magatakardan amanokal, suna yin awoyi da yawa kullum a kan sunayen raƙuma da launinsu, da itatuwa, da rijiyoyi, da taurari, da kayan tanti. Ya bi zango-zango yana rubuta waƙoƙi daga bakin maza da mata, cikinsu har da shahararriyar mawaƙiya Dasin. Ya tattara waƙoƙi 575, baiti wajen 6000, ya fassara su ya yi musu sharhi. Ƙamus ɗinsa na Tamahak da Faransanci ya kai shafi 2028 da rubutun hannunsa, har da zane-zane da harufan Tifinar. Bai so sunansa ya fito a kan littafi ba, abin da aka buga yana da rai da sunan marigayi Motylinski ya fito. An buga babban ƙamus ɗin cikin littafi 4 a shekarun 1951 da 1952, kuma har yau duk mai nazarin harsunan Abzinawa sai ya leƙa shi.

Inda ake sukarsa

Gaskiya ɗaya ce, Fuko ɗan zamaninsa ne kuma tsohon soja ne. Bai taɓa shakkar cewa Faransa ce ta dace ta mulki Sahara ba. Yana aika wa hafsoshi labarin abin da ke gudana cikin ƙabilu, yana ba su shawarar wanda za a jawo da wanda za a nisantar. Haka kuma yana kai ƙarar waɗanda ke ƙwace raƙuman talakawa ko suke zaluntar su, ya kuma yi gargaɗi cewa in Faransa ta ci gaba da mulki don cin amfani kawai, wata rana za a kore ta. Masu yabonsa suna kallon malamin da ya raba abincinsa, masu sukarsa suna kallon idon ƴan mulkin mallaka a tsakiyar ƙauye. Duka biyun suna cikin tarihinsa, kuma na biyun ne ya jawo ajalinsa.

Ranar 1 ga Disamba 1916

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, ya so ya koma ya yi jinyar sojoji, Laperrine ya ce ya zauna inda yake. Daga Libiya ƴan Sanusiyya suka ɗaga tutar yaƙi da Turawa, a watan Maris na 1916 suka kama Janet. Fuko ya ƙi komawa barikin soja da ke kilomita 50 daga ƙauyen. Maimakon haka ya gina gida mai ganuwa da rijiya a ciki, don mutanen ƙauye su fake in an kawo hari, ya tare a ciki a tsakiyar shekarar. Soja suka ajiye bindigogi da harsashi a wurin, abin da ya sa gidan ya shiga idon mahara.

Ranar 28 ga Nuwamba ya gama aikin waƙoƙin. Bayan kwana 3, ranar Juma'a da magariba, mutane kamar 40 suka kewaye gidan. Wani da ya sani, Almadani, ya yi sallama ya ce wasiƙu ya kawo. Da ya buɗe ƙofa sai aka fizgo shi, aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka durƙusar da shi, aka bar wani yaro ɗan shekara 15 yana tsaronsa, sauran suka shiga kwasar kaya. Yawancin masana tarihi suna ganin nufinsu su tafi da shi ne a raye su yi garkuwa da shi. Ana cikin haka sai ga sojan raƙumi biyu sun ɓullo, harbi ya tashi, yaron ya firgita ya harbe shi a kai. Sojojin biyu ma aka kashe su. Paul Embarek, wanda ya riga ya dawo ƙauyen da zama, ya ga abin da idonsa, washegari mutanen gari suka binne su. Musa ag Amastan ya aika wa ƙanwar Fuko da wasiƙar ta'aziyya mai taɓa zuciya.

Wutar da ta ci shi ita ce ta iso ƙasarmu cikin wannan wata, lokacin da Kawsan da Sarkin Abzin Tagama suka yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya, har zuwa watan Maris na 1917 da sojoji suka zo daga Damagaram, suka yi wa mutanen gari da malamansu kisan da Abzin bai manta ba har yau.

Bayan mutuwarsa

Ya rasu yana da shekara 58. Ƙungiyar addu'a da ya kafa a Faransa ba ta wuce mutum 49 ba, da shi a ciki. A 1921 marubuci René Bazin ya buga tarihinsa, littafin ya bazu. A 1929 aka mai da gawarsa El Golea, wadda ake kira El Meniya yanzu. A 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu, a 1939 ta mata ta biyo baya, masu bin tafarkinsa na zama cikin talakawa, su yi aiki irin nasu, su ci irin abincinsu, ba tare da wa'azi a kasuwa ba. Majami'ar Katolika ta ɗaga darajarsa ranar 13 ga Nuwamba na 2005, sa'annan Paparoma Faransis ya sanya shi cikin waliyyanta ranar 15 ga Mayu na 2022.

Gidansa mai ganuwa yana nan tsaye a Tamanrasat, birni ya haɗiye shi, ƴan ci-rani na wucewa ta gabansa kullum. Sunan baƙon ya shiga littattafai da harsuna da yawa, amma matan da suka tatsi awakinsu a shekarar fari suka kai wa wanda ba addininsu ɗaya ba, ba wanda ya rubuta sunansu. In ba don su ba, da ba a sami ƙamus ba, da ba a sami waƙoƙin ba, da kuma labarin ya ƙare tun 1908. Duk mai ba da tarihin Sharl de Fuko ya kamata ya tuna da su.